Zoɓo da hawan jini: me ke cikin abincinmu da yake aiki a jiki?

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masana abinci da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. A 'yan shekarun nan an yawaita cewa zoɓo da zogale da kuka da citta da tafarnuwa suna ɗauke da wasu sinadarai da ke yi wa jiki aiki fiye da ƙosarwa, har su kare mutum daga hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Maganar zoɓo ce ta fi tsaya mini a rai, domin a unguwarmu mata da yawa sun yi imani cewa wanda ya lazimci shan sa ba ya buƙatar ƙwayar asibiti, kuma irin wannan shawara ake ta kawo wa surukata, wadda take shan maganin hawan jini. Ina so in san ko akwai bincike na gaskiya a bayan wannan magana, kuma idan akwai, wane irin zoɓo ake nufi, domin wanda muke saya a gora suga ya fi komai yawa a cikinsa.

Malam_Sabo:
Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Ni kimiyyar abinci nake koyarwa, zan faɗi abin da na sani, likitocin da ke nan su ƙara. Bayan abubuwan da ke ba da ƙarfi da gina jiki, tsiro yana ƙera wasu sinadarai domin ya kare kansa daga zafin rana da ƙwari da fumfuna, kuma su ne suke ba shi launi ko ɗaci ko yaji ko ƙamshi. Rashinsu ba ya jawo wata cuta takamaimai yadda rashin bitamin ke yi, amma idan mutum yana cin su a kai a kai suna taɓa yadda jijiyoyin jini da hanji da hanta suke aiki. Ƙasar Japan ce ta fara yi wa lamarin doka, inda a 1991 ta kafa tsarin da sai hukuma ta duba hujja kafin a rubuta a jikin abinci cewa yana amfanar lafiya.

Jan launin zoɓo daga sinadarin antosayanin yake. A 2010 masu bincike na Jami'ar Tufts da ke Boston a Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 65. An ba rukuni ɗaya kofi uku na zoɓo kullum, kowane kofi mililita 240, ɗaya rukunin kuma aka ba su wani ruwa mai kama da shi wanda babu zoɓo a ciki. Bayan mako shida, lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓo ta sauka da 7.2, ta sauran kuwa da 1.3 kawai. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa antosayanin ɗin zoɓo yana rage aikin wani sinadarin jiki da ke sa jijiyoyi su tsuke, sannan zoɓon yana ɗan ƙara fitsari. Don haka maganar tana da tushe.

Likitar_Zazzau:
Na gode wa Malam Sabo, alƙaluman da ya kawo daidai ne. Sai dai ina roƙon a lura da su waye aka yi gwajin da su. Mutane ne da jininsu ya ɗan hau, lambar samansu tsakanin 120 da 150, kuma babu wanda yake shan maganin hawan jini a cikinsu. Wanda awonsa ya kai 170 bisa 105, ko da zoɓo ya sauke masa bakwai, yana nan cikin haɗari. Haka kuma gwajin na mako shida ne, kuma lamba aka auna, ba a bi mutanen shekaru an ga ko sun tsira daga shanyewar ɓarin jiki ba, alhali magungunan asibiti an yi musu irin wannan dogon bibiyar da dubban mutane.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne hawan jini ba ya ciwo. Dattijuwa za ta ajiye ƙwayarta, ta yi watanni tana jin garau, kowa yana cewa zoɓo ya karɓe ta, sai wata safiya a wayi gari bakinta ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa. Idan aka kawo ta, 'ya'yanta su buɗe jakarta a gabanmu, sai a ga katin asibiti da fakitin magani ba a ko ɓalle shi ba. Maman Hanifa, ki lallashi surukarki ta ci gaba da shan maganinta, idan kuma tana son zoɓo a sanar da likitanta.

Hajiya_Mai_Zoɓo:
Ni sana'ata ke nan, da ita na aurar da 'ya'yana, don haka bari in faɗi yadda ake yin na sayarwa. Ana wanke zoɓon a fitar da yashi, a tafasa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a tace da rariya mai laushi, sannan a zuba suga da filebo. Mai saye ba ya son tsami, kuma suga ya yi tsada, shi ya sa yawancinmu muke jefa 'yar kanwa a tukunya. Da ta faɗa sai ka ga kumfa ta taso, jan ya koma duhu-duhu kamar zai yi shuɗi, tsamin kuma ya kwanta. Wasu ma suna sake tafasa tukar sau biyu su ƙara kala ta kanti domin ya yi yawa. To Malam Sabo, wannan da muke yi yana cikin wanda ka ce an gwada?

Malam_Sabo:
Ranki ya daɗe, Hajiya, ba ya ciki. Canjin launin da kika gani da idonki shi ne amsar. Antosayanin yana zaune daram ne a cikin tsami, shi ya sa zoɓo yake ja. Da zarar kanwa ta kashe tsamin, sai siffar sinadarin ta sauya, ya koma shuɗi-shuɗi, idan kanwar ta yi yawa ya yi kore-kore, daga nan kuma ya fara lalacewa, musamman idan tukunyar tana kan wuta. Bayan haka kanwa tana ɗauke da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri wanda ake ce wa mai hawan jini ya rage. Ga kuma suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babba, kuma rabin haka ya fi. A gwajin Tufts busasshen zoɓo giram 1.25 kacal ake jiƙawa a tafasasshen ruwa na 'yan mintuna a kowane kofi.

Abu_Yasir:
Ina girmama malamanmu, amma ni ina cikin masu taka-tsantsan da wannan fanni gaba ɗayansa. Tarihinsa cike yake da alkawuran da ba su cika ba. An daɗe ana lura cewa masu yawan cin karas da ganye sun fi tsira daga ciwon daji, sai aka ce sirrin yana cikin sinadarin beta-karotin, aka cire shi aka yi ƙwaya. A ƙasar Finlan aka gwada ƙwayar a kan maza masu shan taba fiye da 29,000, da sakamakon ya fito a 1994 sai aka ga ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a wajen waɗanda suka sha ta. Wani gwajin makamancinsa a Amurka dole aka dakatar da shi a 1996 saboda wannan dalili. Haka nan a 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye jadawalin da ta wallafa na ƙarfin abinci wajen kashe gubar da ke tsufar da ƙwayoyin jiki, domin kamfanoni suna talla da shi alhali abin da ya faru a kwalbar gwaji ba shi ne ke faruwa a jikin mutum ba. Shi kansa antosayanin ɗan kaɗan ne yake shiga jini a siffarsa. To da wace hujja za mu ce shi ne yake aikin?

Malam_Sabo:
Malam Abu Yasir, misalanka gaskiya ne, amma ni ina ganin sun fi zama hujja a kan ƙwaya da kafso fiye da a kan abinci. Babu wanda ya kamu da ciwon daji don ya ci karas ko miyar kabewa. Matsalar ta taso ne da aka zare sinadari ɗaya daga cikin 'yan'uwansa aka ninka shi fiye da yadda ciki zai taɓa samu daga kwano. Game da antosayanin kuwa, abin da bai shiga jini ba yana gangarawa babban hanji, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a can su farfasa shi zuwa ƙananan sinadarai, waɗannan kuma su shiga jini. Na yarda cewa ana iya samun saɓani a kan wane sinadari ne ya fi tasiri, amma gwajin da na ambata ruwan zoɓon gaba ɗaya aka ba mutane, kuma jininsu ya sauka.

Ɗan_Umdurman:
A nan Sudan karkade, wato zoɓo, yana kowane gida, musamman da azumi, tare da ardeb, wato tsamiya, da gongolez, wato garin 'ya'yan kuka. Mutane da yawa a nan da Masar suna cewa mai sanyi ne yake sauke jini, mai zafi kuwa ɗaga shi yake yi. Iyayenmu jiƙa shi suke yi a ruwan sanyi ya kwana, ba sa ɗora shi a wuta. Ina so a yi mana bayanin wannan.

Mai_Harhaɗa_Magani:
Ɗan'uwa na Umdurman, sinadaran da ke cikin kofin ba sa sauyawa don ya huce ko don an sha shi da ɗumi, kuma ka ji cewa a gwajin Amurka da tafasasshen ruwa aka jiƙa shi. Abin da doguwar tafasa ke yi shi ne rage ƙarfinsa, don haka jiƙon iyayenku hanya ce mai kyau muddin ruwan mai tsabta ne.

Tunda ka kawo Sudan, akwai wani bincike da aka yi a can aka wallafa a 1994, wanda ya kamata kowa ya sani. An ba mutane maganin zazzaɓin cizon sauro na kulorokwin, wasu suka haɗiye da ruwa, wasu da karkade ko ardeb ko ruwan lemon tsami, sai aka ga maganin da ya shiga jinin masu haɗawa da waɗannan abubuwan sha ya ragu ƙwarai. Duk abin da yake da ƙarfin yin aiki a jiki yana da ƙarfin yin karo da magani. Mai shan ƙwayar hawan jini, musamman mai sa fitsari, idan ya ɗora zoɓo mai kauri a kai yana iya jin jiri in ya miƙe. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin kuma ya yi hattara da kafson tafarnuwa da na citta da na kurkum. Shawarar da nake ba duk wanda ya zo kantina ita ce ya haɗiye magani da ruwa zalla.

Ɗan_Maradi:
Kun tsaya a kan zoɓo, alhali mu a Nijar zogale ne sarkin ganye. A Jiratawa kusa da Maradi gonaki ne sukutum na zogale, ana yanka yana tohowa, buhu-buhu ake lodawa zuwa kasuwanni, kuma da azumi da wuya a yi buɗa-baki babu kwaɗonsa. Kakata ta kai tsufa sosai ba ta san suga ko hawan jini ba, kuma kusan kullum sai ta ci kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir. Ni na yi imani zogalen ne.

Likitar_Zazzau:
Allah ya jiƙan magabata, Ɗan Maradi. Ba na musun amfanin zogale, ganye ne mai sinadarin gina jiki da na ƙarin jini da beta-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, kuma ina ƙarfafa wa masu ciki da masu shayarwa su ci ganyensa a miya da kwaɗo. Amma ka tuna sauran rayuwar kakarka. Tana daka da surfe, tana tafiya a ƙasa zuwa rijiya da gona, tuwonta na gero ne da dussarsa, ba ta shan lemon kwalba. Da wuya a ware zogale shi kaɗai daga wannan duka. Gwajin da aka yi na zogale da sugan jini yawancinsa a kan ɓeraye ne, na mutane kuma ƙanana ne. Sannan ganye daban, saiwa da ɓawo daban, mai ciki ta nisanci waɗannan biyun. Shi ma zoɓo mai kauri ban so mai ciki ta mayar da shi abin shan kullum.

Gwaggon_Yara:
Ni ba 'yar boko ba ce sosai, amma na ji daɗin abin da Ɗan Maradi ya ce game da ƙuli-ƙuli. Mu dai mun taso mun ga ba a cin zogale gaya, sai da ƙuli ko ɗan man gyaɗa. Kuma idan za a shanya shi, a ɗaki ake baza shi a kan tabarma inda iska ke shiga, ba a tsakar rana ba, domin rana tana mayar da shi fari-fari ya rasa ƙamshi. Yanzu sai in ga 'yan mata sun tafasa shi har ya yi laushi tiɓis, su zubar da koren ruwan a magudana. Malam Sabo, wannan ruwan ba shi ne amfanin ba?

Malam_Sabo:
Gwaggo, iliminki ya riga na littafi. Beta-karotin a cikin mai yake narkewa, don haka idan babu maiƙo a abincin kaɗan ne hanji yake iya ɗauka, ƙuli-ƙulin nan shi ne yake shigar da shi jiki. Hasken rana kuma yana lalata shi, shi ya sa shanyar inuwa ta fi. Ruwan da ake zubarwa yana tafiya da bitamin C da wasu sinadarai masu narkewa a ruwa, gara a sa ruwa kaɗan ko a turara ganyen.

Irin wannan hikima tana da yawa a madafinmu. Jan sinadarin tumatir, laikofin, ya fi shiga jiki idan an soya tumatirin da mai fiye da in an ci shi ɗanye. Tafarnuwa kuwa sai an daka ta ko an yanka ta sannan wasu abubuwa biyu da ke rabe a cikinta suke haɗuwa su zama alisin, mai warin nan, kuma wuta tana tsayar da wannan haɗuwa, don haka a daka a bar ta kamar minti goma kafin a zuba a tukunya. Gero da dawa suna da wani sinadari mai suna fayitet da ke riƙe sinadarin ƙarin jini ya hana jiki ɗauka, amma jiƙa su da barin ƙullu ya yi tsami, yadda ake yin kamu da koko, yana rage shi. Shayi ma yana da tanin mai irin wannan hali, shi ya sa mai ƙarancin jini ya kamata ya ba da tazarar kamar awa guda tsakanin abinci da shayi, ya kuma haɗa abincinsa da abu mai bitamin C kamar lemo ko gwaiba ko garin 'ya'yan kuka.

Baba_Manomi:
Ni zoɓo nake nomawa a ƙasar Gumel, a Maigatari muke sayarwa, kuma dillalai sun ce mafi yawansa Meziko ake kai shi, can ma jiƙa shi suke yi su sha. Abu biyu zan ƙara. Na farko, zoɓo iri-iri ne, akwai baƙi mai kauri, akwai ja mai haske, akwai fari wanda ake sa wa a miya. Idan maganar Malam Sabo ta launi gaskiya ce, to ba za su zama ɗaya a jiki ba. Na biyu, a kula da inda aka saya. Wani a ƙasa yake shanya nasa, awaki su bi ta kai, wani kuma ya tura shi a buhu bai gama bushewa ba ya yi fumfuna, wani ya zuba masa maganin ƙwari a rumbu. Mai kyau idan ka damƙa za ka ji yana ƙaras-ƙaras, ƙamshin tsami yana tashi, babu warin rima. Wanda za a fitar waje ana tsince shi a tace shi, mu kuma na gida sau da yawa ragowar ake bar mana, kuma wannan yana yi mini ciwo.

Bahaushen_Kumasi:
A zangon Kumasi sobolo muke ce wa zoɓo, kuma citta ake cika masa har ya yi yaji. Tambayata a kan karan dafi ce, jan ganyen dawa da muke dafa wake da shinkafa da shi. Da kanwa ake dafa shi, kuma jan ƙara fitowa yake yi. Me ya sa kanwa ba ta ɓata shi yadda ta ɓata zoɓo? Ana kuma cewa yana ƙara jini.

Malam_Sabo:
Jan karan dafi ɗan'uwan antosayanin ne, amma ƙirarsa ta ɗan bambanta, kuma wannan bambancin ya sa yake jure wuta da kanwa fiye da na zoɓo. Dawa tana cikin tsire-tsire ƙalilan da ke da shi da yawa. Sai dai jan launi ba shi ne jini ba, wanda aka auna aka ce jininsa ya yi ƙasa yana buƙatar a gano dalili, ko tsutsar ciki ce, ko zazzaɓi, ko zubar jini, ko rashin abinci. Baba Manomi kuma ya yi gaskiya, farin zoɓo kusan babu antosayanin a cikinsa, tsamin ne kawai suka yi tarayya.

Maman_Hanifa:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Abin da na fahimta shi ne surukata za ta iya shan jiƙon baƙin zoɓo marar suga da kanwa tare da maganinta, bayan an gaya wa likita. Amma akwai wani mai tallan magani da ke zagayawa da mota da lasifika, yana sayar da kafson zogale da kurkum, yana nuna lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, a jikin robar. Shin wannan lambar ba ta isa shaida ba?

Mai_Harhaɗa_Magani:
Maman Hanifa, lambar da ake ba kayan gargajiya tana nuna cewa an yi musu rajista an duba ba su da guba a fili, ba ta nuna cewa an tabbatar suna warkar da abin da mai lasifika yake faɗa. Ki juya robar ki karanta ƙananan rubutun, za ki ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Kurkum misali ne mai kyau. Sinadarinsa kurkumin kaɗan ne a cikin garin, kuma da ƙyar yake shiga jini. A 1998 masu bincike a Indiya suka nuna cewa sinadarin masoro yana ninka shigarsa har sau ashirin, sai kamfanoni suka riƙa haɗa su a kafso. A 2019 hukumomin lafiya a Italiya suka sami rahotannin mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan kafso. Kurkum da masoro a miya ko a shinkafa ba su da wannan matsala, domin abin da ake barbaɗawa kaɗan ne.

Abu_Yasir:
To a nan muka haɗu da Malam Sabo. Amma ina nan a kan bakana cewa ana ba wa abu guda girman da ya wuce shi. A 1997 an wallafa sakamakon gwajin wani tsarin cin abinci a Amurka mai yawan ganye da 'ya'yan itace da nono marar maiƙo, masu hawan jini a cikin gwajin lambar samansu ta sauka da kusan 11, ba tare da wani tsiro na musamman ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa a ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Mutumin da ke jefa dunƙule huɗu a tukunya ɗaya, alhali kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne, kofin zoɓo ba zai goge masa wannan ba.

Gwaggon_Yara:
Wannan gaskiya ne, ɗana. Da can daddawa ce ɗanɗanon miya, ta kalwa ko daddawar batso, wadda da gurguzun zoɓon nan ake yin ta. A dafa kalwa ta kwana a wuta, a surfa, a wanke, a rufe da ganye a ɗaki mai ɗumi har ta yi yauƙi ta ɗauki wari, sannan a kirɓa a shanya. Miyar kuka da ta sami daddawa mai kyau da ɗan busasshen kifi gishiri kaɗan take nema. Yaran yanzu sun ce tana wari.

Likitar_Zazzau:
Gwaggo, da za a koma wa daddawa a rage dunƙule, da na fi kowa murna, domin rage gishiri yana cikin abubuwan da aka fi tabbatar da amfaninsu ga mai hawan jini. Ina so in ƙara jan hankali a kan kanwa, tunda ta fito sau biyu a wannan tattaunawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin sinadarin seleniyam da talauci, amma duk da haka mai hawan jini ko kumburin ƙafa ba ta da abin yi da kanwa mai yawa, a kunu ne ko a zoɓo.

Hajiya_Mai_Zoɓo:
Na saurari kowa, kuma zan fara yin kashi biyu, na kasuwa da na masu lalura, wanda babu kanwa babu kala. Amma tsamin baƙin zoɓo ba kowa ke iya shan sa haka ba. Idan na markaɗa dabino ko na sa mazarƙwaila ko zuma a madadin suga, ya halatta ga mai ciwon suga?

Malam_Sabo:
Hajiya, mazarƙwaila da zuma a wajen mai ciwon suga duk suga ne, suna ɗaga sugan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa zuma a cikin sugan da ta ce a taƙaita. Dabino yana da ɗan harza, amma idan aka markaɗa da yawa aka tace, zaƙin ne yake wucewa cikin gorar. Abin da zai rage tsamin ba tare da kanwa ba shi ne ki ƙara ruwa, ki rage lokacin wuta, ki ƙarfafa citta da kanumfari, ki yanka kokwamba a ciki, sannan ki sanyaya shi sosai. Wanda kuma yake da na'urar awon suga a gida, ya auna kafin ya sha da bayan awa biyu, zai ga yadda nasa jikin ya karɓe shi.

Baba_Manomi:
Hajiya, idan za ki yi na masu lalura ki nemi na sabuwar kaka, wanda ake tsinka daga Nuwamba zuwa Disamba, domin wanda ya shekara a buhu launinsa yana dusashewa ya koma ruwan ƙasa. Kuma ki ajiye shi inda rana da laima ba sa kai wa.